Wasiƙun Barde Nomau Daga Ƙasar 'Yan Aro

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ba doki gudu, ya ba ɗan Adam zuciya mai saƙe-saƙe. Ku matso ku ji, ku da ba ku taɓa ƙetare Tudun Gishiri ba, ba ku taɓa kallon fuskar ɗan'uwanku kuna laluben ƙotar wuƙa ba.

Ni ne Nomau ɗan Anaruwa baduku, mutumin Kwarin Gawo a ƙasar Zangarma. Wata shekara Kogin Garanza, wanda duk ƙasarmu ke sha, ya ƙafe ƙarƙaf. Ba fari aka yi ba. Wasu mutane ne can a mafarinsa suka datse shi da gumagumai da duwatsu. Sarki ya tara barade, ya damƙa su hannun Madaki Korau, ya ce a je a buɗe ruwa. Na shiga cikinsu ba da son mahaifina ba. Ranar tafiya ta zo. Sirdina kawai ya karɓa ya ɗinke, ya miƙo mini, ya koma kan fatarsa.

A ƙasarmu shamuwa ke kai wasiƙa. Kowane gari yana sa wa nasa zoben fata a ƙafa, na Kwarin Gawo ja ne. In damina ta ƙarato sukan taso daga kudu garke-garke su nufi gida, sai ka ɗaura saƙonka a ƙafar mai zoben garinku. Sai dai tafiyar ɗaya ce, amsa ba ta zuwa sai sun juyo da kaka. Ga abin da na rubuta.

*

Zuwa ga mahaifina.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da Yaya Shekarau da iyalinsa. Bayan gaisuwa, ina nan lafiya, dokina Akawal ma lafiya, sai dai ya rame.

Mun ƙetare Tudun Gishiri. Ƙasa ce fara sol, ba ciyawa ba inuwa, sai da muka naɗe wa dawaki kofato da fata don kada gishiri ya cinye su. Abin mamakinta, magana ba ta mutuwa a cikinta. In mutum ya yi raɗa a gaban runduna, na can baya zai ji ta kamar a kunnensa aka yi. Wasu abokai da yawa sun ɓata a wannan tudun, don kowa ya ji abin da ake faɗi a kansa.

Yanzu muna ƙasar waɗanda suka tare mana ruwa. 'Yan Aro ake ce musu. Ban yarda da labarinsu ba sai da na gani da idona. Akwai wani barde cikinmu, Cindo, mutum mai barkwanci, kullum zancensa furar tsohuwarsa. Mun sauka bakin wata rijiya da rana tsaka, sai ga wata dattijuwa ta fito daga cikin kyauro da ƙwarya a hannu, tana cewa, "Cindo, zo ka sha tun ba ta tsinke ba." Cindo ya yar da guga. Madaki ya daka masa tsawa, ya ce, "Kai, tsaya! Me zai kawo uwarka nan?" Ko waiwaye bai yi ba. Ya bi ta cikin kyauron yana dariya. Muka bi sawu da masu a hannu, ba mu samu komai ba sai hularsa.

Madaki ya taɓa yaƙi a nan tun yana saurayi. Ya tara mu ya ce, "Waɗannan ba su da fuskar kansu. Daga cikin ranka suke ara. Wanda ka fi bege shi za ka gani, da muryarsa, da tafiyarsa, har da tarinsa. Daga yau kowa ya ɗaure zuciyarsa kamar yadda yake ɗaure dokinsa."

Baba, a gida ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A nan wannan magana ba ta aiki. In mutum ya zaga bayan dutse ya dawo, sai an tsare shi da tambaya kafin a ba shi wuri. Kowa yana cin tuwonsa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan takobi. Ni ma ina ƙoƙarin in daina tuna gida, amma ka ga ga ni ina rubutu.

Ɗanka, Nomau.

*

Zuwa ga mahaifina.

Gaisuwa da biyayya. Tambaya gare ni, kuma na san amsarta ba za ta iske ni a kan lokaci ba. Shin Yaya Shekarau yana gida?

Da hantsi masu gadi suka shigo sansani da wani mutum, mashi a gabansa mashi a bayansa. A ƙasa yake, ba doki ba jaki, ƙafafunsa duk sun tsage, da 'yar jakar fata a rataye. Yana ganina ya ce, "Nomau, ko gaisuwa babu?"

Na ce, "Yaya." Amma ban matsa ba.

Shi ne, Baba, ko kuwa aron ya yi kyau. Ga ɗingishinsa na ƙafar dama, ga haƙorinsa da ya ɓalle. Ya ce ya biyo busasshen kogin ne, wani wuri tare da fataken gishiri, wani wuri shi kaɗai. Yaya da ko kasuwar Tungar Kaba ba ya son zuwa don nisa, shi ne zai bar gona gab da shuka ya keto Tudun Gishiri da ƙafa?

Na shiga yi masa tambayoyi. Sunan rijiyar unguwarmu, wanda ya fasa mini kai muna yara, abin da Inna take kiran akuyarta. Bai kuskure ko ɗaya ba. Madaki yana tsaye yana jinmu, sai ya ce, "Ɓata bakinka kake yi. Duk abin da ka sani ya sani, ai daga rumbunka yake ɗiba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, amma ni ba shi nake bege ba. Ni da shi ko a gida ba mu cika shiri ba."

Ya ce, "Zuciya ba ta shawara da mai ita."

Na juya ga mutumin na ce, "Me ya kawo ka?" Ya buɗe jakarsa ya fito da sabon majayi, irin mai faɗin nan da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki. Ya ce kai ka aiko shi ya kawo mini. Ɗinkin kamar naka. Amma Madaki ya hana a karɓi ko allura daga hannunsa, ni ma hannuna bai miƙu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Na ce masa, "Yaya Baba?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana nan inda Allah ya ajiye shi." Na ce, "Ciwon ƙirjin nasa fa?" Ya ce, "Ya daina damunsa." Duk yana kallon ƙasa. Ka san Yaya, in zai yi magana da ni cikin ido yake kallona kamar na ci masa bashi. Wannan kuwa ya kasa haɗa ido da ni. An ba shi abinci ya taɓa kaɗan ya ture. Ɗazu na hango shi zaune yana kallona, da na waiwaya sai ya kau da kai yana goge fuska.

Wasu sun ce a soke shi a huta. Na roƙi Madaki ya bari. An ajiye shi can gefen sansani kusa da raƙuman kaya, ana gadinsa. Ban san ko na yi daidai ba. Cindo ma ai gani ya yi ya gaskata.

Ɗanka, Nomau.

*

Zuwa ga mahaifina.

Wannan gajeriya ce, don garken shamuwan da ke bisa kanmu kamar shi ne na ƙarshe.

Yau da azahar mun sauka hutu, na kwance wa Akawal sirdi na jingine shi a gindin wata bishiya, na tafi ɗebo masa ruwa. Ina dawowa na tarar da mutumin nan durƙushe kan sirdina da wuƙa a hannu, yana shirin yanke majayin. Yadda ya kuɓuce wa mai gadinsa, oho. Na yar da tulu na danne shi.

Ya ce, "Sake ni, kai mahaukaci! Canza maka zan yi. Tsohon ba zai kai ka ba."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Baba."

Na duba majayin, ban ga abin da ya same shi ba. Gobe za mu shiga Mashigin Garanza, inda datsiyar take. Wanda aka yanke wa majayi ranar gamo ai an gama da shi. Barade suka taru, kowa na faɗin tasa. Madaki ya ce, "Nomau, ka roƙa na bari. Yanzu kai za ka ɗauki nauyinsa. Ka ɗaure shi a sirdinka ya bi ka a ƙasa. In ya yi wani motsi, mashinka ne zai fara shigarsa, in ba haka ba nawa ya shige ku duka biyu."

Ni na ɗaure shi da hannuna, da igiyar dabaibayi. Na ja ta sosai har ya cije leɓe. Bai zage ni ba, abin da ya ƙara mini shakka ke nan, don Yaya na gaske da ya ambaci kakannina. Cewa kawai ya yi, "Ka rataya jakar a sirdin, kada a bar ta a nan."

Baba, in Yaya yana gida, ka gaishe shi, ka ce masa wani abu ya ari fuskarsa ya hana ni sukuni. In kuwa ba ya gida, to ka sani na ɗaure wana kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Ɗanka, Nomau.

*

Abin da ya biyo baya ban rubuta wa kowa shi ba, da baki nake ba da shi.

Rana ta ɗaga sosai muka gangara cikin mashigin. Yashi ne fari, kyauro ya yi duhu dama da hagu, can gaba kuma ga datsiyar ta tokare tsakanin duwatsu biyu kamar ganuwar birni, ruwa yana tsatsafowa ta tsakanin gumagumai. Ba tsuntsu, ba motsi. Ni ina sahun gaba, igiya tana ja a bayana.

Sai na ga wani tsoho zaune kan dutse a tsakiyar hanya, fata shimfiɗe a gwiwarsa, basilla a hannu. Ya ɗago kai. Mahaifina ne. Har tabon da wuƙar fata ta yi masa a babban yatsa ina hange.

Ya miƙe ya buɗe hannuwa ya ce, "Nomau, ɗana. Sauko in gan ka."

Akawal ya toge. Ni kuwa ƙafata ta riga ta fita daga likkafa. Sai na ji igiya ta fizge, mutumin da ke bayana ya kwarma ihu da wata irin murya da ban taɓa ji ba.

"Kada ka sauka! Ba Baba ba ne! Nomau, Baba ya rasu! Ni na sa shi a kabari da hannuwan nan da ka ɗaure!"

Na waiga na dube shi, na juyo na dubi tsohon. Ɗaya cikinsu ƙarya ne. In na gaskata na baya, ba ni da uba. In na gaskata na gaba, ubana yana raye, ga shi har ya biyo ni. Kowa ya san wanda zuciya za ta zaɓa.

Tsohon ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Ka ji abin da yake yi mini fata? Wannan ba ɗana ba ne, soke shi ka zo. Na yi kewarka, Nomau. Tun ranar da ka tafi nake alfahari da kai, duk Kwarin Gawo na gaya musu ba ni da kamarka."

Hawaye suka zubo mini. Tun ina yaro nake jiran in ji wannan magana. Na ɗaga mashi, ni kaina ban san inda zai nufa ba. Madaki yana gefe, nasa mashin yana saitin bayana.

Na ce wa na bayan, ba tare da na dube shi ba, "In gaskiya kake, me ya ce kafin ya cika?"

Ya ce, "Bai yi dogon zance ba. Yana kwance ya ɗinka majayin, numfashi yana yi masa wuya. Da ya gama ya ce, 'Kai wa wancan mai kunnen ƙashin. Ɗinkin hagu cikin fushi na yi shi, ba zai kai shi gida ba.' Shi ke nan. Bai ƙara ba."

Wannan ita ce muryar Anaruwa baduku. Ba abin da nake so in ji ba ne, kuma ba daga raina aka ɗebo shi ba, don ban san da shi ba. Na rufe ido na jefa mashin gaba.

Da na buɗe, fuskar tana zubewa kamar ruwa daga ƙwarya. Abin da ya rage wata halitta ce toka-toka, kanta sumul kamar ɗanyar tukunya, ba ido ba hanci sai baki. Nan take kyauro ya dare ta ko'ina. Suka fito da yawa, mata da tsofaffi da yara, kowa yana kiran wani barde da sunan da ake kiransa a gida, wuƙaƙe a ɓoye cikin zane.

Akawal ya yi tsalle ya miƙe da ƙafafun baya. Na ji ɓas ta hagu, majayi ya tsinke, ni da sirdi muka zube ƙasa. Kafin in tashi wani ya yo kaina da fuskar ƙanwar mahaifiyata. Yaya, da hannuwansa a ɗaure, ya kama igiyar ya wulwula sirdin gaba ɗaya, ya maka masa likkafa a ka. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Tashi ka kwance ni, shashasha, ko sai sun yanka mu?"

Jin zagin nan ya fi mini kirari daɗi. Na yanke igiyar. Ya zaro sabon majayin daga jaka, muka ɗaura shi tare, yatsunsa duk sun kumbura. Na hau, na ɗauko shi a bayana.

Barade kuwa sun rikice. Wani ya sauke mashi yana kuka, wani yana ƙoƙarin sauka. Sai muryar Madaki ta tashi. "Kowa ya ja rawani ya rufe idonsa! Ku saki linzami, doki ba ya begen kowa! Kowa ya yi kirarin gidansu da ƙarfi, kada ya ji na kusa da shi!"

Haka muka yi. Runduna guda ta makafi, kowa yana ihun sunan kakanninsa, muka sa ƙaimi. Dawakin ba su ga uwa ba, ba su ga ɗa ba, wari kawai suka ji wanda ba su so, suka bi ta kansa. Yaya ne kaɗai idonsa a buɗe, yana riƙe da ɗamarata yana cewa, "Dama! Sara dama! Sunkuya!" Da muka yaye rawani muna gindin datsiya, 'Yan Aro kuwa waɗanda suka tsira sun haye duwatsu, ba fuska ko ɗaya a kansu.

Akwai wani ƙaton gungume da duk sauran suka dogara a kansa. Muka haɗa igiyoyinmu muka ɗaura masa, muka fitar da dawaki kan gaɓa, aka ja. Ya yi ƙara, ya motsa, ya fizgo. Ruwan Garanza ya fito da ruri kamar aradu, ya share mashigin da kyauronsa da gawarwakinsa, ya kama hanyar Zangarma.

Wata shamuwa mai jan zobe da ta makara ta sauka shan ruwa a bakin gaɓa. Ita ta kai wannan.

*

Zuwa ga mahaifiyata.

Inna, gaisuwa, da ta'aziyyar abin da ya same mu. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri. Mun yi masa addu'a a bakin ruwa, Madaki da kansa ya ja.

Ina jin ruwa zai riga wannan takarda isowa. In kin ga kogi ya kawo, to mu ne.

Yaya ya gaya mini ke kika ce kada ya faɗa mini sai an gama yaƙi, don kada hannuna ya yi sanyi. Ban ga laifinki ba. Ya riƙe amanarki har ta kusa cin ransa. Za ki ga sawun igiya a wuyan hannunsa, ni ne. Na durƙusa na roƙe shi gafara a gaban barade, sai ya ce, "Tashi, kana ba ni kunya. Da ni ne, har ƙafa zan haɗa in ɗaure."

Mun kamo hanyar gida. Ƙafafunsa ba sa takuwa, don haka na ɗora shi kan Akawal, ni ina ƙasa ina jan ragama. Bai taɓa hawan doki shi kaɗai ba, ya ƙanƙame sirdi da hannu biyu, duk tudun da muka hau sai ya ce da gangan nake yi. Barade suna yi mini dariya wai barde ya koma zagi. Su yi ta yi.

Ki tanadi bagaruwa da man kaɗanya saboda ƙafafun nasa. Ki ce wa matarsa kada ta damu da gona, ni zan yi masa shukar bana.

Ɗanki, Nomau.